Yumɓun Mama Asabe

Duk abin da zan manta a aikin jinya, ban da ranar da aka zaunar da ni ginin tukunya a tsakiyar asibiti, da fararen kayana, marasa lafiya suna yi mini dariya. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yawan tambayata wa ya koya mini aiki. Makaranta dai ta ba ni takarda. Wadda ta koya mini aiki wata mata ce, Sista Rifkatu, kuma labarinta zan ba ku yau.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Abuja na ta tashi, duk inda ka waiga gini ake yi, jama'a na kwararowa daga ko'ina, asibitin gwamnatin da aka tura ni kuma kullum cike yake maƙil. Ni ƙaramar nas ce, matakin farko. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kowane ɗakin kwantar da marasa lafiya yana da babbar nas guda da ke riƙe da shi, ita muke ce wa Sista. Ita ke raba mana aiki, ita ke bin likita zagayen safe, kuma in wani abu ya lalace a ɗakin ita za a fara tuhuma. A samanta akwai Matiron, shugabar nas-nas ta asibitin baki ɗaya. A ɗakin matan da aka yi wa tiyata, inda nake, Sista Rifkatu ce mai ɗaki.

'Yar Filato ce, gajeriya, kakkaura, tafiyarta ba ƙara. Ba ta tsawa. In ka yi ba daidai ba sai ta tsaya ta dube ka ta saman gilashinta, ka ji gara a ce marinka ta yi. Mu ƙanana muna shakkarta ƙwarai, muna kuma gulmarta a ɗakin canza kaya, kamar yadda na san kuna yi mini yanzu.

Wata safiya da rani aka kawo mana Mama Asabe a bayan a-kori-kura, daga wani ƙauye gaba da Kwali. Dattijuwa ce 'yar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke ce wa Gwari, kuma maginiyar tukwane ce tun tana yarinya. Su a can a fili suke gasa tukwane. Sai a jera su, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Tana ƙara ciyawa iska ta juya, zaninta ya kama, ita kuma ta sa hannu biyu ta kashe wutar. Jikinta ya tsira, hannuwan ne suka biya. Kafin a iso da ita an shafa mata ɗanyen ƙwai da kamu, irin taimakon gida da ke ƙara mana aiki. 'Yarta Laraba ce ta zo da ita, ita ce kuma ta zauna jinya.

Wanda bai taɓa wanke ƙuna ba bai san wuyar aikin nan ba. Bandeji na manne wa ciwo, kuma kullum sai an cire an wanke. Na ga nas-nas da ke fizgewa lokaci guda, wai gara a yi a gama. Sista Rifkatu ba ta yarda kowa ya taɓa Mama Asabe ba sai ita. Sai ta ba ta maganin kashe zafi, ta jira ya kama jiki tukuna, ko da layin aiki ya kai ƙofa. Sannan ta jiƙa bandejin da ruwan gishiri mai ɗumi, ta zauna kan kujera tana ɗagawa a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Ni ce mai riƙe mata tire. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta faɗa.

"Mama, zan taɓa babban yatsa yanzu. Sori ko. In ya yi yawa ki ce in tsaya, zan tsaya."

Kuma in Mama ta ce a tsaya, tsayawa take yi. Da yake hannu biyu a ɗaure suke, komai sai an yi mata. Sista kan ba ta abinci a baki da kanta in Laraba ta fita, ta kai ta bayi, ta ja labule, ta yi mata abin da ko 'yar cikinka sai mai imani za ta yi maka, ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

Likitanmu na fiɗa, Dokta Bashir, ya yanko fata daga cinyarta ya dasa a bayan hannuwan da tafin dama. Allah ya taimaka dashen ya kama. Muka yi ta murna, ashe a nan wahalar ta fara. Fatar da ta warke daga ƙuna tana tsukewa. In ba a riƙa lanƙwasa yatsun ana miƙe su kullum ba, sai su ƙage su dunƙule kamar ƙafar kaza, kuma in suka ƙage shi ke nan. Motsa su kuwa azaba ce. Masu gashin ƙashi suka zo suka nuna mata yadda za ta yi, suka bar mata wata 'yar ƙwallon roba ja, wai ta riƙa matsawa.

Mama Asabe ta dubi ƙwallon, ta dube su, ta sa gwiwar hannu ta ture ta ƙasa. Aka ɗauko, ta sake turewa. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

"Ni yaro ne? Ka ba ni abin wasan yara? Hannu ya mutu. Ka bar shi."

Daga nan ta juya fuska bango. Lallashi ya ƙi, faɗa ya ƙi. Fasto ya zo ya yi addu'a, ta ce amin, amma yatsa ko gezau. Abinci ma sai ta ci loma biyu ta kau da kai. Ta ɗora hannuwan a kan cinya kamar kayan wani da aka ba ta ajiya, ba ta ko kallonsu. Kullum maganarta guda ce, a mai da ita gida. A zagayen wata safiya Dokta Bashir ya gwada yatsun, ya girgiza kai, ya ce da Sista a gabanmu:

"Sista, lokaci na ƙure mana. In ba ta fara motsa su ba nan da 'yan kwanaki, duk aikin da muka yi ya tashi a banza. Ko cokali ba za ta sake riƙewa ba."

Laraba kuma ta gaji da kukan uwarta, ta ce ranar Lahadi mai zuwa za ta sa hannu ta tafi da ita. Doka ta ba ta dama, ba mu da ikon hana ta. Sista ta ja ta baranda suka daɗe suna magana. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga Sista na tambaya, Laraba na kwatance da hannu kamar mai nuna hanya.

Washegari ranar hutun Sista ce. Mu dai mun ɗauka tana gida ta miƙe ƙafa. Ashe motar haya ta shiga zuwa Kwali, daga can ta hau acaɓa zuwa ƙauyen su Mama. Daga baya Laraba ta ba ni labarin yadda aka yi. Matan garin ba sa bari baƙo ya je ramin yumɓu ya ɗiba haka kawai, sai da Sista ta je ta durƙusa ta gai da babbarsu, ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsohuwar ta ce ba na rami za a ba ta ba. Ta sa aka buɗe wanda Mama Asabe ta haɗa da hannunta ta rufe a bayan ɗakinta kafin wutar, wanda ta riga ta cakuɗa da dakakken tsingaro yadda take so. Shi aka zuba mata a buhu.

Da ta dawo aiki ba ta ɓoye ba. Ta tari Dokta Bashir bayan zagaye, ni ina tsaye da tire.

"Dokta, plis, ina so in ba Mama ƙasa."

"Wace irin ƙasa?"

"Yumɓu, Sa. Nata na gida. Yana cikin sito."

Ya cire gilashi ya dube ta. "Sista, kin san abin da ke cikin ƙasa kuwa? Hannun da na yi wa dashe? In ƙwayar cuta ta shiga, ba yatsu za mu yi asara ba, hannun za mu yanke."

"Na sani, Sa. Zan shanya shi, in daka, in gasa shi a na'urar da muke gasa kayan aiki, in kwaɓa da tafasasshen ruwa. Za ta sa safar hannu biyu-biyu. Ba a cikin ɗaki ba, a baranda. In an gama ni zan wanke, ni zan duba. In wani abu ya faru, sunana za a rubuta."

Sai ya ce in Matiron ta yarda shi ma ya yarda, amma ranar da ya ga ko ɗigon ruwa a ciwon, magana ta ƙare. Matiron ta yarda da sharaɗi iri ɗaya. Ku lura da wannan, domin na san halinku. Ba a ɓoye ta yi ba, kuma ba ta tsallake kowa ba.

Da aka gama shirya yumɓun sai ta kira ni.

"Hadiza, kin iya ginin tukunya?"

Na ce, "Ni, Ma? A cikin birnin Zariya aka haife ni. Ko kaskon turare ban taɓa ginawa ba."

Ta ce, "Madalla. Ke nake nema."

Bayan wankin ciwo na safe, aka turo Mama Asabe a keken marasa lafiya zuwa barandar bayan ɗaki, wai ta sha iska. Sista ta shimfiɗa leda a ƙasa ɗan nesa da ita, ta ɗaura mini atamfar roba a kan kayana, ta dire mini curin yumɓu da kwanon ruwa. Ta raɗa mini cewa in gina tukunya da gaske, iya ƙoƙarina, kuma kada in kuskura in dubi Mama. Ita kuma ta koma gefe tana naɗe bandeji kamar ba ruwanta.

Na zauna na rasa ta inda zan fara. Na yayyafa ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Ta wutsiyar ido na ga Mama, da ta juya mana ƙeya, ta ɗaga hanci. Can ta waigo a hankali. Ta daɗe tana kallon curin.

"Wannan ƙasan namu ne," in ji ta, ba da kowa take ba.

Sista ta ci gaba da naɗe bandejinta. Ni kuwa na ci gaba da ɓarna. Na ƙwaƙule rami a tsakiya, gefe ya tsage. Na ƙara ruwa in liƙe, abu ya zama taɓo. Matan da ke iya tafiya suka fito suka kewaye ni. Wata mai karyayyar ƙafa ta ce, "Nas, tukunya ce ko waina?" Aka kwashe da dariya. Ni da nake ji da kaina, ga lalle a hannu, ga gumi na zuba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja bangon sama, ya rufta gaba ɗaya. Sai na ji tsawa daga bayana.

"Kai, yarinya! Ruwa ya yi yawa! Kunu kana dama? Wayyo, ya kashe mini ƙasa!"

Tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Ta shiga ba ni umarni, tana nuni da haɓa da gwiwar hannu. In murza shi kamar igiya. Ba haka ba. In sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Ba haka ba! Ta kira ni da wani suna da yarensu wanda Laraba ta ƙi fassara mini har yau. Tana tsakiyar faɗa, har ta fara zamowa gaban keken, Sista ta taso ta ce lokaci ya yi, ta rufe yumɓun da jiƙaƙƙen tsumma ta ɗauke.

Raina ya ɓaci. A ɗakin wanke hannu na ce, "Ma, ai saura kaɗan ta taɓa. Me ya sa kika ɗauke?"

Ta ce, "In na miƙa mata, ya zama magani, za ta ture. Bari ta kwana da haushinki."

Da safe ina shigowa, ko gaisuwa ban gama ba, Mama ta ce, "Ina yarinyan nan mai ɓata ƙasa?" Laraba ta ce tun asuba take mita, kuma ta shanye kokonta tas. Aka sake fita baranda, aka sake zaunar da ni, wannan karon dab da ƙafafunta. Na ɗan yi abin kirki da farko, domin na riƙe karatun jiya. Da na zo ɗora igiya ta biyu sai bangon ya fara karkacewa, yana shirin faɗuwa. Mama ta yi faɗa, na gyara, ya ƙara karkacewa. Sai kawai na ga hannuwa biyu sun miƙo ta saman kafaɗata.

Kafin su kai, Sista na wurin. Ashe safar hannun na cikin aljihunta tun jiya. Ta durƙusa a kan siminti, ta zura mata su a hankali, yatsa bayan yatsa. Muka ɗora abin a kan wani katako bisa cinyar Mama. Ta kai hannun dama ciki, na hagu waje, ta matsa.

Ƙarar da ta yi har ɗakin maza an ji. Duk dariya ta ɗauke. Na zaci za ta janye, wallahi na zaci shi ke nan mun ɓata komai. Ba ta janye ba. Hawaye na zuba, gumi na zuba, amma babban yatsan nan da ya yi makonni a sandare na ga ya lanƙwasa yana bin bangon tukunya. Hannuwan ba su da ƙarfin ɗaukar kansu, sai Sista ta sa tafukanta a ƙarƙashin wuyan hannun Mama ta tallafe. Ba ta ja ba, ba ta tura ba, duk inda hannun ya nufa sai ta bi shi. Tana durƙushe a kan gwiwa, mace mai shekaru da matsayi, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Yauwa Mama. Na riƙe ki. Yi abinki." Bangon da na karkatar ya miƙe a gaban idona. Ni Musulma, Sista Kirista, Mama kuma da nata yaren take kiran Allah, amma na rantse a barandar nan na ga rahama da idona, har na kasa riƙe kuka.

Ba a daɗe ba Sista ta tsayar, ta cire safar, ta wanke, ta duba kowane saƙo na yatsun. Ba inda ya fashe. Lahadi ta zo ta wuce, Laraba ba ta sake zancen tafiya ba. Kullum bayan wankin ciwo sai baranda. Masu gashin ƙashi suka dawo, suka tsara motsin da suke so a cikin aikin, Mama kuma ta yarda da su tunda yanzu ta ga amfanin wahalar. Dokta Bashir kan leƙo ya duba hannun, ya tsaya kallo fiye da yadda aikinsa ya buƙata. Ni kuma aka sauke ni daga magini zuwa mai miƙo ruwa, kuma ko a nan ba ta fasa yi mini faɗa ba. Da aka sallame ta, yatsu biyu na hagu, ƙaramin da na kusa da shi, sun riga sun ƙage. Sauran suna aiki.

Bayan damina ta wuce, wata ranar aiki da hantsi, muka ji hayaniya a bakin ɗaki. Mai gadi na cewa ba a shiga da kaya, wata murya da na sani tana ce masa ya matsa. Mama Asabe ce. Ta saɓo wata ƙatuwar randa a kafaɗa, domin matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Daga bakin titi ta ɗauko ta, ta hana Laraba taɓawa. Ta sauke a gaban teburin Sista, ta ɗaga hannuwanta biyu sama yadda duk ɗakin zai gani, ta buɗe, ta dunƙule, ta sake buɗewa.

Randar baƙa ce, sumul, an zana mata ƙadangaru da kifaye a jiki. Sista ta zagaya ta tana shafawa. Mama ta kamo hannunta ta kai bakin randar, wurin da ya ɗan karkace kaɗan.

"Ka gani nan? Bai yi daidai ba. Wannan yatsa biyu ne da suka ƙi. Su kayana ne." Sai ta buɗe sauran a gaban fuskarta. "Wannan takwas, naka ne, Sista. Duk tukunya da na gina har in mutu, da hannunka na gina."

Sista Rifkatu, wadda muke cewa ba ta da hawaye, ta cire gilashi ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da hannu biyu. Mama ta tsaya a kanta tana bubbuga bayanta tana cewa, "Sori ko. Sori ko."

To, abin da na ɗauka daga wannan ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka. Mu duka mun san ciwon matar nan, mun san sunan maganinta da awon zafin jikinta. Mutum ɗaya ce ta tambayi abin da hannun yake yi kafin ya ƙone, ta kuma ɗauki ranar hutunta ta je ta gano. Likita ya gyara fata, kuma ya yi aikinsa da kyau, Allah ya saka masa. Amma mara lafiya ba ya jure azaba don an ce masa ya jure, sai ya ga abin da zai koma yi in ya warke. Saboda haka in kun tsaya a kan gado gobe da safe, bayan kun auna abin da za ku auna, ku ja kujera ku zauna, ku tambayi mai gadon sana'arsa.